Yadda ake zaɓar bindiga, harsashi da sauran kayan gasar harbin mita 10

Duk wanda ya fara sha'awar wasan harbi da ƙaramar bindiga, tambayarsa ta farko ita ce wace bindiga ce ta fi kyau. Ya yi gaggawa. Bindigogin gasa na manyan kamfanoni duk sun fi hannun mai riƙe su iya saiti. In aka ɗaure kowace a kan teburi yadda ba za ta motsa ba, aka harba goma, kusan rami ɗaya za su bi. Inda maki ke zubewa shi ne wurin da jikin mutum ya haɗu da ƙarfen: tafin hannu a kan mariƙi, yatsa a kan kunama, ido a kan saiti. Can ya kamata kuɗi da lokaci su fara tafiya. Ga yadda ake bi.

Mataki na 1: Ka san gasar da za ka shiga, ka san dokarta

Hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, mai hedikwata a birnin Munich na Jamus, ita ke tsara dokokin harbin Olamfik. A ɓangaren ƙananan bindigogi akwai harbin mita 10 da bindigar iska, wanda ya shiga Olamfik a 1988 a Seoul, sai harbin mita 25 na mata, da na sauri na maza. Harbin mita 50 na ƙaramar bindiga an cire shi daga Olamfik bayan gasar Rio ta 2016. Mai farawa ya kama mita 10. Harsashinsa ya fi araha, ƙararsa kaɗan ce, bindigar ba ta dukan hannu, kuma duk abin da ka koya a nan zai bi ka zuwa mita 25.

Dokar bindigar mita 10 gajeriya ce, ka haddace ta kafin ka taɓa aljihu. Faɗin harsashi milimita 4.5. Nauyin bindiga kada ya wuce giram 1,500. Kunama kada ta tashi da nauyin da bai kai giram 500 ba. Bindigar gaba ɗayanta sai ta shiga akwatin awo mai tsawon milimita 420, faɗin 200, kaurin 50. Babu madubin hangen nesa, babu hasken leza, saitin ƙarfe kawai na gaba da na baya. A tsaye ake harbi, da hannu ɗaya, ba tare da jingina da komai ba, harbi 60 cikin minti 75 in allon na lantarki ne.

Kafin duk wannan akwai dokar ƙasa. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi masu albarushi cikin waɗanda ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar iska kuma tana cikin waɗanda ake neman lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Kada ka ga sunanta bindigar iska ka yi odarta ta intanet. Ka bi ta ƙungiyar harbi mai rajista ko hukumar wasan ta ƙasarku, ka fara da bindigar aro a filinsu.

Mataki na 2: Bindigar kanta

Iri uku za ka tarar. Akwai wadda ake ɗana wa iska da hannu kafin kowane harbi, kamar IZH-46M ta Rasha. Tana da saiti, tana da araha, ba ta buƙatar famfo, sai dai ɗanawa sau sittin na gajiyar da hannu, kuma gabanta na da nauyi. Akwai tsofaffi masu aiki da iskar CO2. Waɗannan ban ba mai zama a ƙasa mai zafi shawarar sayensu ba ko da an karya kuɗinsu, domin ƙarfin CO2 yana bin yanayi, kuma da zafi ya haura digiri 31 ba ta zama ruwa a cikin silinda, sai harbi ya riƙa sauyawa. Na uku su ne masu silindar matsattsiyar iska, waɗanda kusan kowa ke riƙe da su a manyan gasa yau: Steyr LP10 da EVO 10 daga Ostiriya, Morini CM 162EI daga Suwizalan, Walther LP500 da Feinwerkbau P8X daga Jamus, Pardini K12 daga Italiya. Hämmerli AP20 tana ƙasa da su a farashi, kuma ta ishi mai koyo shekaru.

A cikin waɗannan babu ta yarwa. Ka ɗaga kowace da ka samu dama, ka miƙe hannu, ka ji inda nauyinta ya kwanta. Yawancinsu kusan kilo ɗaya ne, amma wata nauyinta na gaba, wata yana kusa da hannu. Mai ƙaramin jiki ko matashi ya duba gajeren samfuri. Sannan ka tambayi abin da masu talla ba sa faɗa: in robar da ke toshe iska ta lalace, wa zai gyara, daga ina kayan gyaran za su zo? Bindigar da mutum uku ke da irinta a ƙungiyarku ta fi wadda babu wanda ya san cikinta.

In ta hannu za ka saya, ka duba kwanan watan da aka buga a jikin silinda. Kamfanoni na ba ta shekara 10, bayan nan sai sabuwa. Yawanci ana cika ta zuwa bar 200 (ma'aunin matsin iska ke nan), da famfon hannu ko daga tukunyar iskar masu nutso a ruwa, kuma cikawa ɗaya na ba da harbi sama da 100. Busasshiyar iska kaɗai ake sa mata. Iskar oksijin ko man inji a bakin silinda na iya tayar da wuta. Kada a bar ta cikin mota a rana, kuma in jirgin sama za a shiga sai an sauke iskar duka.

Mataki na 3: Mariƙi, inda aikin yake

Nan ne zan daɗe, domin nan ne mutane suka fi yin sakaci. Mariƙin bindigar gasa katako ne da aka sassaƙa da siffar tafin hannu, da ɗan dandamali a ƙasa inda gefen hannu ke zama, ana ɗaga shi ana sauke shi da sukurori. Yana zuwa ƙarami, matsakaici da babba, na dama da na hagu. Kamfanoni irin su Rink da Nill na Jamus aikinsu ke nan, sassaƙa mariƙi.

Ga gwajin. Ka tabbatar bindiga babu komai a ciki, ka riƙe ta, ka tsaya yadda za ka yi harbi, ka rufe ido, ka ɗaga hannu zuwa tsayin allo, sannan ka buɗe. In saitin gaba ya zauna a tsakiyar tsagar saitin baya, kansu ɗaya, mariƙin ya dace da kai. In kullum yana karkata hagu ko yana nutsewa ƙasa, kada ka murɗa wuyan hannunka don ka gyara. Mariƙin za ka juya. Yawancin sababbin bindigogi na da sukurorin da ke karkatar da shi ta kowane gefe. Inda katako ke danna ƙashi a goge shi da fayil kaɗan-kaɗan, inda ya bar rami a cike da abin cike katako, kamar dai yadda tela ke rage riga har ta zauna a jikin mai ita. Yatsan kunama kuma kada ya goga katako ko kaɗan, domin in ya goga, duk lokacin da ya motsa sai ya ture bindigar.

Abu biyu za ka kiyaye. Doka ta hana kowane sashe na mariƙi ya wuce ya tallafi wuyan hannu, dole alƙali ya gan shi a sake. Kuma duk abin da ka liƙa, sai bindigar ta sake shiga akwatin nan mai kaurin milimita 50. Hannu yana kumbura da zafi, yana sacewa da sanyi, saboda haka kada ka matse dandamalin har ya zama da ƙyar hannu ke shiga.

Mataki na 4: Kunama

Kunamar tana da zango biyu: na farko mai laushi wanda yatsa ke cinyewa yayin da hannu ke sauka kan saiti, sai ta tsaya, sai na biyu da ke sakin harbi. Jimillarsu ce doka ta ce kada ta gaza giram 500. Da yawa kan zuba mafi yawan nauyin a zangon farko su bar kaɗan a na biyu. Kada ka saita ta a 500 cif. Ka ba ta rarar giram 20 ko 30, domin alƙalai na rataya mata ma'auni, bakin bindiga na kallon sama, a ɗaga a hankali, kuma in ta tashi a gwajin bayan gasa an soke makinka duka. Kunamar lantarki, irin ta Morini, tana da daɗin atisayen da ba harsashi, amma sai ka riƙa yawo da batir na ajiya.

Mataki na 5: Harsashi

Harsashin gasa na dalma ne, mai shafaffen kai, domin ya yanke takarda da'ira tsaf a iya karanta maki. Mai tsini da mai zagayayyen kai na farauta ne, ba su da wuri a nan. Sanannun su ne RWS R10 Match da Meisterkugeln, H&N Finale Match, JSB, da Qiang Yuan na ƙasar Sin, galibi 500 a gwangwani. Akwai mara nauyi, wajen giram 0.45, wanda aka fi yi wa ƙaramar bindiga, da mai giram 0.53 na doguwa. A ƙarƙashin gwangwanin za ka ga an rubuta 4.49 ko 4.50 ko 4.51, wato faɗin kan harsashin, da kuma lambar rukunin da aka ƙera shi a ciki.

Manyan 'yan wasa kan ɗaure bindiga su gwada rukuni-rukuni, wanda ya fi haɗa rami su saye shi da yawa. Ga mai doguwar bindiga wannan wajibi ne, don tsakiyar allonsa mai ba da maki goma ɗigo ne mai rabin milimita. Ga mai ƙarama kuwa, da'irar goma milimita 11.5 ce, kuma bambancin harsashi mai kyau da mafi kyau bai kai rawar hannunsa ba. Ra'ayina, wanda bai kai maki 560 cikin 600 ba ya sayi matsakaici mai yawa ya yi ta harbi. Abin da zai kula da shi kawai: ya zubar da duk wanda gindinsa ya lotse, kada ya bar gwangwani a buɗe har dalmar ta yi fari, kada ya sa harsashi a baki, ya kuma wanke hannu kafin ya ci abinci.

In ka koma mita 25 lissafin ya sauya. Can harsashin .22 LR ne mai albarushi, bindiga ba ta wuce giram 1,400, kunama giram 1,000. A harbin sauri, inda ake bin allo biyar cikin daƙiƙa 8, sannan 6, sannan 4, doka ta ce kan harsashi kada ya gaza giram 2.53, gudunsa kada ya gaza mita 250 a daƙiƙa. A nan abin nema a harsashin kamfanin Eley ko Lapua ko RWS shi ne wanda bindigarka ke ci ba tare da ta sarƙe ba.

Mataki na 6: Ido

Tsakanin saitin gaba da na baya akwai wajen santimita 35, allo kuma yana mita 10. Ke nan duk kuskuren da aka yi wajen daidaita su yana ninkuwa kusan sau 28 kafin ya isa takarda. Kauce wa tsakiya da milimita 0.3 kacal ya isa ya mayar da goma tara. Shi ya sa ido ke tsayawa a kan saitin gaba, a bar baƙin da'irar da ke tsakiyar allo ya yi dishi-dishi, kuma yawanci a farin da ke ƙasan baƙin ake aunawa.

Saboda haka tabarau na harbi ba don ganin nesa ake yin sa ba. Ka je wurin likitan ido ka gaya masa nisan da ke tsakanin idonka da saitin gaba in ka miƙe hannu, ya yanka maka gilashin da ya dace da wannan nisan. Firam irin na Knobloch ko Champion amfaninsa shi ne kawo gilashin daidai gaban ido. Ɗayan idon ana barinsa a buɗe, a sa masa ɗan marufi wanda doka ta ce kada faɗinsa ya wuce milimita 30. Fari mai shigar da haske ya fi baƙi.

A Olamfik ɗin Faris ta 2024 duniya ta ga iyakar abin ta ɓangare biyu. Kim Ye-ji ta Koriya ta Kudu ta ci azurfa da cikakken tabarau na harbi da marufinsa. Yusuf Dikeç na Turkiyya, yana da shekara 51, ya ci azurfa a gasar haɗakar mace da namiji tare da Şevval İlayda Tarhan da tabaransa na kullum da 'yar toshiyar kunne, hannu a aljihu. Masu yaɗa hotonsa sun ce bai da kaya. Yana da su: bindigar gasa, mariƙin da ya zauna a hannunsa, gilashin da ya dace da idonsa, ga kuma zuwa Olamfik tun 2008. Sa hannu a aljihu ma ba yanga ba ce, haka akasarin 'yan wasan ke ajiye hannun da ba ya aiki don kafaɗa ta natsu.

Mataki na 7: Sauran tarkace da ranar duba kaya

Mai ƙaramar bindiga ba a yarda masa da ƙaƙƙarfar rigar da masu doguwar bindiga ke sawa ba, sai kayan wasanni na kullum. Wandon jins da kaya masu zanen sojoji an hana su a gasannin ISSF. Takalmi ya zama mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda bai rufe idon sawu ba, kuma yana lanƙwasuwa, don akwai na'urar da ke gwada hakan. Toshiyar kunne ka sa ko da ƙarar ba ta da yawa, tana rage hayaniyar 'yan kallo.

A jakarka a samu zaren tsaro mai launi mai haske, wanda ake zurawa ta cikin bututun bindiga ya leƙo ta gaba da baya don kowa ya ga babu harsashi, da silinda ta biyu a cike, da sukuddireban saiti, da agogon ƙidayar lokaci mara ƙara, da littafin da kake rubuta duk juyin da ka yi wa saiti ko mariƙi. Mako guda kafin gasa ka nemi ma'aunin giram 500 da akwatin awo a ƙungiyarku ka gwada bindigar da kanka, daga nan kada ka sake taɓa ko sukuru ɗaya sai na saiti, shi ma a cikin minti 15 na shiri da gwaji da ake bayarwa kafin a fara ƙidayar maki.