Yadda ake ɗaukaka ƙara a Amurka kan tuƙi cikin maye idan alƙali ya yi kuskure wajen yi wa juri bayani

Kunya ce ke fara kashe irin wannan ƙara. An sami ɗan'uwanmu da laifin tuƙi cikin maye, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa don kada 'yan gida su ji, kafin ya farga wa'adi ya wuce. Saboda haka fara da kwanan wata. A New York da Texas kwana 30 gare ka daga ranar da aka yanke maka hukunci. A Kalifoniya 30 ne a ƙaramin laifi, 60 a babba, a kotun tarayya kuma 14 kacal. Takardar sanar da ɗaukaka ƙara gajeriya ce, ba a kawo hujja a cikinta. Shigar da ita a makon farko, ko da ba ka gama shawara ba.

Wannan hanya ta wanda juri suka yanke wa hukunci ce. Mu a gida alƙali ne ke sauraro kuma ya yanke, amma a can ana zaɓo mutanen gari, shida ko goma sha biyu, alƙali ya karanta musu doka, su shiga ɗaki su yanke. Idan ka amsa laifi da bakinka, ko a New Jersey aka yi shari'arka inda alƙali kaɗai ke sauraron irin wannan laifi, ba ka da wannan ƙofa.

Yanzu ga inda na ga mutane da yawa sun faɗi. Suna zuwa wurin lauya da labari: ɗan sanda ya yi ƙarya, kofi ɗaya na sha. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta kiran shaida, ba ta sake jin labari. Abin da ke rubuce a kundin shari'a kawai take dubawa. To, nemi rubutaccen bayanin zaman kotu, kuma kada ka yarda da rabi. Abu huɗu nake nacewa a kai: takardar umarnin da aka ba juri, abin da alƙali ya furta da bakinsa, zaman da ya yi da lauyoyi kan me za a karanta, da duk tambayar da juri suka aiko daga ɗaki tare da amsar da aka ba su. Na taɓa raka wani da ya biya kuɗin bayanin shaidu kaɗai don ya rage tsada, tunda shafi-shafi ake caji. Kuskuren kuwa yana cikin amsar da alƙali ya ba juri rana ta ƙarshe, sai da aka ɓata watanni kafin a cike giɓin. Har yau abin yana min ciwo. Idan ba ka da hali, faɗa wa kotu. Tun 1956 Kotun Ƙoli ta hana a toshe wa talaka ɗaukaka ƙara don ya kasa sayen wannan kundi, a 1971 ta ce har da ƙananan laifuka.

Idan kundin ya zo, nemi abu ɗaya tukuna: lauyanka ya tashi ya ce bai yarda ba kafin juri su shiga ɗaki? Idan ya yi, ya kuma faɗi dalili, kana da ƙafar tsayuwa. Idan ya yi shiru, yawancin kotuna ba za su duba ba sai kuskuren ya fito fili kuma ya taɓa sakamakon shari'a, wannan kuwa tudu ne mai wuyar hawa. Kalifoniya ta ɗan sassauta, sashe na 1259 na dokar laifukanta ya yarda a duba umarnin da ya taɓa muhimmin haƙƙin wanda ake tuhuma ko ba a yi ƙorafi ba. Mafi muni shi ne a ce lauyanka ne da kansa ya roƙi a karanta kalaman. Shi ya sa nake cewa ɗauki sabon lauya. Tsohon ba zai rubuta cewa shi ya yi sakaci ba.

Wane kuskure ke da nauyi? Dubi yadda aka yi maganar ma'aunin barasa a jini, 0.08 a kusan duk jihohi, 0.05 a Utah. Alƙali na iya ce wa juri idan adadin ya kai haka suna iya ɗauka mutum ya bugu, amma ba dole ba ne. Idan ya nuna musu dole ne su ɗauka haka sai ka kawo hujjar akasi, ya juye nauyin hujja a kanka, abin da Kotun Ƙoli ta haramta a shari'ar Sandstrom ta 1979. Idan ya gurɓata ma'anar tabbatar da laifi ba tare da shakka mai ma'ana ba, shari'ar Sullivan ta 1993 ta ce hukuncin ya rushe kai tsaye. Sauran kurakurai, har da manta wani rukuni na laifin, gwamnati za ta ce ko an karanta daidai sakamakon ɗaya ne. Nan za ka nuna illar kuskuren, misali: an yi gwaji awa biyu bayan tsayar da kai, adadin yana bakin iyaka, bidiyo ya nuna kana tafiya daidai, juri sun daɗe suna muhawara.

Hujja ɗaya ko biyu sun isa, kada a jera goma. Lauya zai rubuta, gwamnati ta amsa, ku mayar da martani, wani lokaci a kira ku gaban alƙalai. Watanni ne, har shekara. Roƙi a dakatar da hukuncin kafin nan, domin ba ya tsayawa da kansa a wurare da yawa. Maganar lasisin tuƙi tana hannun hukumar motoci da nata wa'adin daban, mai katin zama kuma ya ga lauyan shige da fice kafin ya yi tafiya gida. Idan ka ci nasara, galibi sabuwar shari'a za a ba ka gaban wasu juri, don haka ajiye kuɗin lauya na zagaye na biyu.