Kada Ku Yi wa Tsohon Hoto Laminatin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mai ɗaukar hoto ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Tun zamanin kyamarar Yashica na fara, muna wanke hoto a ɗaki mai duhu, jan ƙwai guda a saman kai, kana kallon fuskar mutum tana fitowa a hankali cikin ruwan magani. Wallahi har yau ina kewar lokacin nan.

Duk mai tsohon hoto baƙi da fari a gida, na kaka ko na auren iyaye, don Allah kada a yi masa laminatin. Robar tana manne da fuskar hoton, ba ta ƙara ɓaruwa. Da sinadarin azurfa aka yi irin hotunan nan, shi ya sa suka fi masu kala daɗewa. Abin da ke kashe su laima ce da gara. Da damina kada a rataye su jikin bangon ƙasa, kada kuma a bar su a gindin adaka. A sa farar takarda tsakaninsu, a ɗora sama inda iska ke ratsawa. In biyu sun manne, kada a fizge.

Makon jiya wata baiwar Allah ta kawo min hoton mahaifinta da rawani, shi kaɗai ya rage mata, gara ta cinye rabin fuskar. Na rasa abin da zan ce mata.

Ku ɗauki kwafin tsofaffin hotunanku da waya a inuwa, ban da filasha. Negetif kuwa, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, ta gefe ake riƙe shi, kada yatsa ya taɓa tsakiya.