Yadda na hana rumfar rigar ruwa yi mini ɗiga

Alhamdu lillahi, an rabu da wannan matsala. A duwatsun Shere da ke gefen Jos muka yi zango cikin Agusta, rumfata kuwa rigar ruwa ce, mai faɗin nan irin ta sojoji da ake zura kai ta tsakiya. Ruwa sai ya taru a tsakiyarta ya yi tumbi, ya riƙa ɗigowa ta ramin wuya.

Na ƙara tamke kusurwoyin huɗu, tumbin ya dawo. Na tokare tsakiyar da sanda, sai ta nemi huda robar.

Ga abin da ya yi aiki. Da farko na murɗe hular rigar kamar ana matse wanki, na lanƙwasa ta biyu, na ɗaure da zarenta. Sannan na ja igiya tsakanin bishiyoyi biyu, tsayin ƙugu kawai, na rataya rigar a kai ta sauka gefe biyu. Gefen da iska ke bugowa na kafe shi da turaku har ƙasa, ɗayan na ɗaga kaɗan. Wata kusurwa zobenta da ake zura igiya a ciki ya fice, sai na naɗe tsakuwa mai sulɓi a cikin robar, na zarge igiya a bayanta. A ganina ma ta fi zoben riƙo.

Saura ruwan da ke bin igiyar yana shigowa ciki. Na ƙulla guntun zare a kowane ɓangarenta, taƙi ɗaya daga bakin rumfar, jelarsa na reto. Nan ruwan yake tsayawa ya bi zaren ya zuba ƙasa.