Kurakuran da ke hana ƙaramin manomin kwakwar manja samun satifiket

Wanda ya fi kayar da mutane shi ne ƙara faɗin gona ta hanyar sare daji. Mutum ya ga gonarsa ta yi masa kaɗan sai ya kutsa dajin gefe ya sare ya cinna wuta yana ganin ai ba wanda ya gani, alhali masu duba gona yanzu da hoton tauraron ɗan adam suke aiki, za su ga shekarar da aka sare wurin. RSPO, ƙungiyar da aka kafa a 2004 mai kula da wannan satifiket, wato takardar shaidar cewa an noma manja ba tare da ɓata daji da muhalli ba, ba ta yarda da ƙona fili ba sam, kuma Tarayyar Turai ta yi doka cewa manjan da ya fito daga dajin da aka sare bayan 31 ga Disamba 2020 ba zai shiga kasuwarta ba. Gyaran shi ne ka nemi ƙarin amfani a filin da kake da shi.

Nan maganar iri ta shigo, kuma wallahi wannan yana ba ni takaici. Da yawa suna tsintar 'ya'yan da suka faɗo ƙarƙashin bishiya mai kyau su shuka saboda kyauta ne. To irin tenera da ke ba da mai sosai haɗin wasu iri biyu ne, dura da pisifera, in ka shuka 'ya'yansa kusan rabi ne kawai za su fito tenera, sauran ko mai kaurin ƙwarya da ƙarancin mai ko wanda ma ba zai yi 'ya'ya na kirki ba, kuma sai bayan shekara 3 ko 4 kana zuba taki za ka gane, ga bishiyar da za ta yi shekara 25 a gonarka. Ka sayi iri daga wurin da aka amince da shi, ka ajiye rasit.

Rasit ɗin nan fa ba wasa ba ne. Wasu noman nasu lafiya lau amma ba takardar mallakar fili, ba taswirar gona, ba littafin da aka rubuta taki da maganin ciyawa da nauyin abin da aka girbe. Mai duba gona ba ya aiki da "ai na yi". Littafi ɗaya da biro sun isa, a riƙa rubutawa ranar da aka yi aikin.

Wasu kuma su ce su kaɗai za su nema, kuɗin binciken ya fi ƙarfinsu su haƙura. Tun 2019 RSPO tana da ƙa'ida ta musamman ga manoman da filinsu bai wuce hekta 50 ba, a ƙungiyance ake shiga, a raba kuɗin, a cika sharuɗɗan mataki-mataki.

Sai girbi. Kar a yanke kwakwa ɗanya, a jira 'ya'ya su fara faɗowa da kansu, kuma a kai ta wurin matsa cikin awa 24, in ta kwana biyu uku a jibge man yana lalacewa farashi ya sauka.