Taya P ko LT: wacce za ka sa wa a-kori-kurarka

Duk mai a-kori-kura idan lokacin canjin taya ya zo sai ya ci karo da wannan tambayar, kuma yawanci shawarar da ake ba shi ita ce kawai ya sa LT, wato tayar ƙananan motocin lodi, ai ta fi ƙarfi. Gaskiya ne ta fi ƙarfi, amma ba kowace mota ce ke buƙatarta ba, kuma wallahi wanda ya sa LT bai gyara iskarta ba gara ma ya bar tayar da motar ta zo da ita.

Kafin komai buɗe ƙofar direba ka duba sitikar da ke jikin ginshiƙin ƙofar, nan kamfani ya rubuta sayis ɗin taya da yawan iskar da za a ba ta. Sai ka tsuguna ka karanta gefen tayar. Idan ka ga P265/70R17, P ɗin nan na nufin taya ce irin ta motar fasinja, 265 faɗinta a milimita, 17 kuma girman wili a inci. Wata ba harafi ko ɗaya a gaba, ita ma dangin P ce. LT a gaba kuwa ta ƙananan motocin lodi ce, haka wadda ke da C a ƙarshe kamar 205R16C da ake gani a wasu Hilux. In dai motar da LT ta fito daga kamfani, kamar Ford F-250, to magana ta ƙare, kar ka kuskura ka sauko zuwa P.

Inda ake da zaɓi shi ne motar da ta zo da P. Nan sai ka tambayi kanka tsakani da Allah, me motar nan ke yi a sati? Idan zirga-zirgar kwalta ce, bodi fanko mafi yawan lokaci, sai jefi-jefi a ɗora ɗan kaya, zauna a kan P. Ta fi laushi, ta fi sauƙin nauyi, ba ta sa mota shan mai. LT a mota marar kaya kuwa duk ɗan ramin da ka taka sai ka ji shi a ƙugunka, bayan motar ya riƙa tsalle a gargada. Amma idan kullum cikin lodi kake, ko jan tirela, ko bin burji mai tsakuwa da kututture da ke yanka gefen taya, to LT ce taka, gefenta ya fi kauri, zanenta ya fi zurfi, kuma motar ba ta lilo in an danne ta da kaya.

Yanzu lissafi, nan ne mutane ke tafka kuskure. Bayan sayis akwai lambar nauyi, misali 115 na nufin kilo 1,215 kowace taya, 121 kuma kilo 1,450. To amma ƙa'ida ita ce idan tayar P ce aka ɗaura wa a-kori-kura sai an raba wannan nauyin da 1.1, kenan kilo 1,215 ya dawo wajen 1,105. LT ba a rage mata komai. Ita kuma aji-aji ce, C da D da E, wato matsayin filai (shimfiɗun da ke cikin jikin taya) 6, 8 da 10, kuma galibi iyakar iskarsu a ma'aunin iska na psi ita ce 50, 65 da 80. Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan kilo 1,450 na ajin E sai a psi 80 take ɗaukarsa. Ka ba ta psi 35 irin na P, ba za ta ɗauki ko kilo 900 ba, ka ga ta koma ƙasa da tayar da ka cire kenan, ga zafi da za ta riƙa ɗauka a doguwar tafiya har ta iya fashewa. Don haka in ka koma LT iskar da ke kan sitika ta daina aiki, nemi jadawalin nauyi da iska na kamfanin tayar ka ga psi nawa zai ba ka nauyin tsohuwar, kuma ka tabbata wili da bawul za su jure. Ba sai ka cika ta 80 kullum ba, hakan sai tsakiyarta ya sude. A auna da safe taya na sanyi, kuma ka sayi gejinka, kar ka dogara da bugun ƙafa.

Ƙaramar a-kori-kura ajin C ko D ma kan ishe ta, ba lallai E ba. Sannan LT ba ta ƙara wa mota lodi, sifirin da aksil da birki suna nan yadda suke, iyakar da kamfani ya rubuta ita ce iyaka.

Kar ka gauraya P da LT, huɗun su zama iri ɗaya, in da hali har safaya. Wajen saye duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar, 2523 na nufin an yi ta a sati na 25 na 2023, taya na iya tsufa a ajiye ko ba ta taɓa taka ƙasa ba.