Shawara ga iyaye kan ɗaukar hoton cikin jikin yaro a asibiti bayan ya ji rauni

Assalamu alaikum ƴan'uwa. A nan Maradi, idan yaro ya faɗo daga kabu-kabu ko daga katanga, iyaye sukan matsa wa likita lallai sai an yi masa sikana ta kai, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka da wani haske mai ratsa jiki, alhali hasken da sikana ɗaya take shigarwa jiki ya fi na radiyon ƙirji goma. Jikin yaro yana kan girma, kuma yana da shekaru masu yawa a gabansa, shi ya sa wannan haske ya fi yi masa illa fiye da babba.

Idan yaron ya suma, ko yana ta amai, ko ya yi jijjiga, ko jini yana fita daga kunnensa, to kada a yi jinkiri ko kaɗan, domin amfanin hoton ya rinjayi haɗarinsa. Amma idan ya yi kuka nan take ya koma wasa, sau da yawa likita zai zaɓi a sa masa ido na wasu awanni, kuma ya kamata mu yarda da hakan.

Ku tambaya ko eko, wato irin hoton da ake yi wa mata masu ciki, zai wadatar, musamman ga raunin ciki, tun da ba ya amfani da wannan haske. Ku adana hotunan a ambulan ɗinsu, ku tafi da su idan an tura ku Yamai, don kada a maimaita. Idan aka ce a riƙe yaron kada ya motsa, mai riƙewa ya sa rigar dalma mai tare hasken, kuma mace mai ciki ta jira a waje.