Kurakuran da Masu Hawan Tsaunukan Mambila da Gashaka Suka Fi Yi

Matasa da yawa daga Kano, Kaduna, Yola da Abuja sun fara haɗa ayari suna tafiya Taraba don taka tsaunukan Mambila da ƙafa, wasu har su nufi Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mai mita 2,419, a bakin iyakar Kamaru. Abin farin ciki ne. Sai dai yawancinmu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai zafi muka taso, kuma da lissafinta muke zuwa. Kusan duk wahalar da ake sha a can daga nan take farawa.

Na farko shi ne raina sanyi. Mutum ya baro Jalingo ya wuce Bali da Serti yana gumi, ya iso Mayo Selbe a gindin hawa da riga mai gajeren hannu. Mota na gama nannaɗe hawan nan zuwa Maisamari, iska ta sauya. Kowane mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6, kuma saman Mambila ya kai wajen mita 1,600. Sanyin shi kaɗai da sauƙi. Haɗuwarsa da jiƙa da iska ne ke kayar da mutum. Shadda, atamfa, wandon jins da singiletin auduga duk suna shan gumi da raɓa su riƙe, ka tsaya hutawa a kan tudu iska ta bi ta cikinsu. Gyaran shi ne sa kaya hawa-hawa: rigar 'yan ƙwallo a ciki domin tana saurin bushewa, rigar sanyi a kai, rigar ruwa a waje. A cire ɗaya idan ana hawa, a mayar da zarar an tsaya. Kayan canji kuma a ƙulle su cikin leda kafin su shiga jaka.

Ku riƙa lura da juna. Wanda ya fara karkarwa ba tsayawa, maganarsa ta fara sarƙewa, yana tuntuɓe a inda babu dutse, ya kasa ɗaure igiyar takalminsa, sanyi ya riga ya shige shi. Kada a ce masa ya daure. A kai shi inda iska ba ta bugawa, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi har kai, a ba shi shayi mai ɗumi da sukari idan yana iya haɗiya.

Sai lissafin nisa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a kan tsauni ido yana yaudara. Saman Mambila ciyawa ce shimfiɗe, tudu bayan tudu, itatuwa sai a cikin kwari ko inda aka dasa turare. Za ka hango ruga kamar ka miƙa hannu ka taɓa, ashe tsakaninku akwai kwari biyu masu zurfi, kowanne sai ka gangara ka tsallake rafi ka sake hawa. Wani ɗan Sikotland mai suna William Naismith ya fitar da ƙa'ida a 1892 wadda masu hawan dutse ke amfani da ita har yau: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wannan na mai ƙarfin jiki ne da bai tsaya ko'ina ba. Ayari mai kaya, mai sallah da cin abinci da ɗaukar hoto, ya ƙara rabin abin da ya samu. Kuma idan mutumin ƙauye ya ce maka "nan kusa ne", da ƙafarsa ya auna.

Saboda haka a tashi bayan sallar asuba, a kuma yanke lokacin juyowa tun kafin a ɗaga ƙafa. Idan azahar ta yi ba a kai ba, a juya, ko da ƙololuwar tana gaban ido. Wannan ita ce shawarar da aka fi ƙin ji, ita ce kuma na fi riƙewa, domin yawan targaɗe da gocewar ƙashi a gangara suke faruwa, da yamma, lokacin da gwiwa ta gaji kuma kowa na sauri kada magariba ta riske shi.

Takalmi sabo fil da aka sayo domin tafiyar kuskure ne, silifa ma haka. A sa wanda ƙafa ta saba da shi, mai kaushin ƙasa, da safa mai kauri, a yanke farce. Da ka ji wuri ya fara zafi a dunduniya, ka tsaya ka manna filasta kafin ya yi bororo. Sanda kuwa ba ta tsofaffi ba ce. Dubi makiyayan da ke yini a kan tsaunin, ba ka ganin ɗaya hannu wofi.

Babban kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne tafiya ba ɗan jagora, da dogaro ga taswirar waya. Sabis yana ɗaukewa da an bar manyan garuruwa irin su Gembu da Nguroje, sanyi kuma yana shanye caji. Turbobin da ke kan tudu yawancinsu shanu ne suka fitar, suna rabuwa suna haɗuwa, wata ta kai ka mashaya, wata ta ƙare a bakin gangare. Hazo na iya saukowa cikin 'yan mintoci ya rufe komai har ka daina ganin na gabanka. Idan haka ta faru a taru wuri guda, a ƙirga kai, a jira ya yaye. Mai neman hanya cikin hazo yakan bi rafi yana zaton zai kai shi gari, alhali rafin tsauni sau da yawa ta kan dutse yake faɗawa ƙasa.

Ƙasar kuma tana da masu ita. Akwai gonakin Mambilawa, akwai makiyayar Fulani da aka kewaye da waya, kuma batun fili a yankin ba abin wasa ba ne. A fara da gaida mai unguwa ko jauro, a faɗi inda aka nufa da ranar dawowa. A rufe duk ƙofar shingen da aka buɗe. Kada a ɗauki hoton mata ko garke ba izini. Gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 kuma ya fi kowane gandun dajin ƙasa girma a Najeriya, ba a shigarsa sai ta hannun ofishinsa da ke Serti, tare da rakiyar ma'aikatansa. Su suka san halin tsaro na wannan makon, suka kuma san inda iyakar Kamaru take, don a kan dutse babu allon da zai gaya maka ka tsallaka. Kurmin Ngel Nyaki da ke kusa da ƙauyen Yelwa shi ma keɓaɓɓe ne, masu bincike na aiki a ciki kan birai da tsuntsaye da itatuwa. A nemi izini, a rage hayaniya.

Damina a can doguwa ce, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, jar ƙasar kuma santsi take yi. Rafin da kuka tsallake da safe iya idon sawu zai iya kai ƙugu da la'asar ko ba a yi ɗigo a kanku ba, domin an yi ruwa a sama. Idan ya wuce gwiwa yana gudu, a jira ya janye. Kada a kafa tanti a gindin kwari. Da an ji tsawa a sauka daga kan tudu, a nisanci itace tilo da shingen waya. Rani ya fi sauƙin tafiya, amma lokacin ne ake cinna wa ciyawa wuta, kuma wuta ta fi gudu idan tana hawa tudu. Wanda ya ga hayaƙi a ƙasansa ya ratse gefe, ko ya koma inda ya riga ya ƙone.

Ruwan rafi garai-garai yake, amma shanu sun sha a samansa, a tafasa. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, sai a riƙa kurɓa ko ba a ji ba. Guzuri ya zama mara nauyi: dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kilishi, garin rogo da sukari. Ledar da aka zo da ita a koma da ita, domin saniyar da ta haɗiye ta dukiyar wani ce.

A ƙasa-ƙasa wajen Gashaka, inda kurmi ya yi duhu, akwai ƙudan tsando da sauro da kaska, don haka dogon wando da dogon hannu sun zama dole, a kuma duba jiki kafin kwanciya. Idan maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe da agogo, a kafe gaɓar da sanda kamar an yi ɗori, a ɗauke shi kada ya taka, a nufi asibiti mafi kusa. Sunan wannan asibitin da lambar ɗan acaɓan da zai iya zuwa bakin hanya, tun a gari ake tambayarsu a rubuta a takarda.